Buhun Shinkafa Ko Takardar Awo?

 

Kwanan baya aiki ya kawo ni Ikko daga Kano, to maimakon in kama ɗaki a otal sai na sauka wurin wani yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya daɗe a nan yana sana'ar gwangwan. Ɗakinsa yana bayan wata masana'anta da ake narka tsofaffin ƙarafa da batura, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Da asuba na ɗauki buta zan yi alwala, sai na ji hannuna ya yi gautsi-gautsi, ashe wata baƙar ƙura ce ta kwanta a jikinta. Farar rigar da na wanke na shanya da daddare, kafin gari ya waye ta koma kamar an goge gindin tukunya da ita. Ƙaramin ɗansa kuwa kwana ya yi yana tari. Na ce, "Yaya, haka kuke kwana kullum?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai baƙo ne. Ai yau da sauƙi, iskar ba nan ta kaɗo ba."

Cikin hira yake gaya mini cewa da azumin bara wasu ɗalibai na wata jami'a sun zo unguwar da motoci biyu, sun raba shinkafa da gidan sauro, an ɗauki hotuna, sun tafi. Ya yaba musu ƙwarai, ni ma na yaba, domin wanda ya ba ka abinci ba maƙiyinka ba ne. Amma da na tambaye shi ko a cikinsu akwai wanda ya ɗebi ruwan rijiyar gidan, ko ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe, ya tafi da ita don a auna, sai ya yi mini kallon wanda bai san inda maganar ta dosa ba. Wannan kallo shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan sharhi.

Jami'a ba ta fi attajiri shinkafa ba. Kowane Alhaji na Mile 12 zai iya raba buhu ɗari bai ji a jikinsa ba. Abin da jami'a take da shi wanda babu a gidan Alhaji shi ne ɗakin awo, da malaman da suka san karanta abin da na'ura ta nuna, da kuma hatimin da in ya hau kan takarda, alƙali da kwamishina ba su iya jefa ta a kwandon shara. A ganina wannan shi ne bashin da maƙwabta suke bin kowace jami'a. Kuma don kada a ce mafarki nake yi, zan kawo labarin wata jami'a da ta gwada biyan wannan bashi, ta 'yan ɗarikar Katolika ce, a ƙasar Amurka.

Na san wani zai ce, me ya haɗa mu da makarantar Kirista, a Amurka kuma? To a yi haƙuri a biyo ni. Mutanen da zan ba da labarinsu talakawa ne baƙar fata da suke kwana a bayan katangar masana'anta kamar yadda yayana yake kwana, kuma hayaƙi ba ya tambayar mutum addininsa kafin ya shiga ƙirjinsa.

Sunan makarantar Jami'ar Xavier, su can suna cewa Zebiya. Tana birnin New Orleans a jihar Louisiana, can kudancin ƙasar, inda kogin Misisipi yake gab da faɗawa teku. Wata mata ce ta kafa ta, Katharine Drexel, 'yar wani hamshaƙin mai banki na birnin Filadelfiya, wadda ta gaji dukiya mai yawan gaske amma ta zaɓi zama sista, wato irin matan nan na coci da ba su aure. A 1915 ta buɗe makarantar sakandare don 'ya'yan baƙar fata, a 1925 makarantar ta zama jami'a, a 1927 aka ƙara mata sashen koyon haɗa magunguna. A wancan zamani dokar jihar ta raba fari da baƙi a makaranta da mota da asibiti, har da famfon shan ruwa. Ita kaɗai ce jami'ar Katolika a duk Amurka da aka kafa musamman don baƙar fata, kuma yawancin ɗalibanta ma ba 'yan Katolika ba ne. Ba wata babba ba ce, ɗalibanta 'yan dubbai ne kawai, amma ta yi suna wajen yawan baƙar fatan da take turawa makarantun koyon aikin likita.

Daga New Orleans in ka bi gaɓar kogin ka haura zuwa Baton Rouge, hedkwatar jihar, tafiyar mil 85 ce, wato kusan kamar daga Ikko zuwa Badun. A wannan ɗan tsakani akwai matatun mai da masana'antun roba da na taki da sauran sinadarai fiye da 150. Mutane sun laƙaba wa yankin wani suna da Turanci wanda ma'anarsa ita ce Lungun Sankara, saboda yawan masu ciwon daji da suke gani a tsakaninsu.

Ruwa ba ya tsami banza. Da can wurin gandayen rake ne, bayi baƙar fata ke noma su. Da aka 'yanta bayi bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865, sai 'yantattun suka sayi 'yan filaye a gefen gandayen iyayengijinsu na da, suka kafa ƙauyuka da coci-coci da maƙabartu. Da zamanin man fetur ya zo sai kamfanoni suka saye gandayen, domin filaye ne masu faɗi, ga su a bakin ruwa inda manyan jirage ke iya tsayawa. Mai gandu ya karɓi kuɗinsa ya koma birni. Jikan bawa kuwa ya wayi gari da bututun hayaƙi a bayan ɗakinsa, ba a shawarce shi ba, kuma sau da yawa ko aikin gadi ba a ɗauke shi a ciki ba.

Wannan shi ne abin da masu ilmi ke kira rashin adalcin muhalli. Kada girman sunan ya tsorata mai karatu, tambayar da ke ciki ƙarama ce: in gari ya tara dattinsa, a ƙofar gidan wa ake zubarwa? A Amurka maganar ta fito fili ne a 1982, lokacin da gwamnatin jihar North Carolina ta fara binne ƙasar da guba ta gurɓata a gundumar Warren, inda baƙar fata suka fi yawa. Mutane suka kwanta a kan titi gaban manyan motoci, aka kama fiye da 500. A 1987 wata cocin da ba ta Katolika ba ta fitar da rahoton da ya nuna cewa in kana son sanin inda aka ajiye jujin guba a Amurka, launin fatar mazauna wurin ya fi komai nuna maka hanya, har ya fi arzikinsu ko talaucinsu.

To a nan ne Jami'ar Xavier ta shigo. A 1992 wata malama mai nazarin zaman jama'a, Dokta Beverly Wright, 'yar asalin New Orleans, ta kafa cibiyar adalcin muhalli a cikin jami'ar. Abin da ya bambanta cibiyar da irin waɗanda muka saba gani shi ne yadda aka tsara zamanta. An kafa mata majalisar masu ba da shawara daga cikin mutanen ƙauyukan bakin kogin, wato su masu shaƙar hayaƙin, ba shaihunan malamai kaɗai ba. Har suka ƙirƙiro wata kalma ta Turanci da ta haɗe "al'umma" da "jami'a" wuri guda, don nuna cewa sanin da tsohuwa ta yi wa unguwarta da sanin da malami ya yi wa sinadari, kowanne yana bukatar ɗan'uwansa. Mu ma ai mun daɗe da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohuwar ita ta san daren da wari ya fi tashi, ta san gidajen da aka yi ɓari, ta san lokacin da itatuwan lambunta suka daina 'ya'ya. Malamin shi ya san sunan abin da ke warin, da yawan da jiki zai iya ɗauka.

Akwai wata doka da ta taimake su. Bayan bala'in Bhopal a Indiya, a watan Disamba 1984, inda iskar guba ta kuɓuce daga masana'antar wani kamfanin Amurka ta kashe dubban mutane suna barci, majalisar Amurka ta kafa doka a 1986 da ta tilasta wa masana'antu su riƙa bayyana kowace shekara irin gubar da suka saki da yawanta. Doka mai kyau, amma fa lissafin yana cikin manyan takardu cike da sunayen da ko mai digiri sai ya yi da gaske kafin ya furta su. Me manomi zai yi da wannan? Sai cibiyar ta ɗauki waɗannan alƙaluma ta ɗora su a kan taswira, ta kawo lissafin ƙidayar jama'a ta ɗora a kai, ta kai wa mutane a ɗakunan taron coci-cocinsu, kowa ya ga gidansa, ya ga bututun da ke kusa da shi, ya ga abin da ke fita daga ciki. Aka koya musu yadda ake karanta takardar izinin masana'anta, da yadda mutum zai miƙe a zauren sauraron ra'ayin jama'a ya yi magana cikin 'yan mintocin da aka ba shi ba tare da ya ɓata su wajen zagi ba. Wannan ba ya ɗaukar ido a hoto kamar rabon shinkafa, amma wanda aka koya wa ba ya mantawa.

Bari in ba da misalin wuri guda. A garin Norco akwai wata unguwar baƙar fata mai layi huɗu, sunanta Diamond, a matse tsakanin matatar mai da masana'antar sinadarai ta kamfanin Shell, wannan Shell ɗin dai da mutanen Ogoni suka sani. A 1973 wani bututu ya yi yoyo, wuta ta tashi ta kashe wata tsohuwa da wani yaro da yake yanke ciyawa a ƙofar gidanta. A watan Mayu 1988 matatar ta yi bindiga, ma'aikata 7 suka mutu. Wata malamar makaranta, Margie Richard, wadda gidansu bai fi ƙafa 25 daga shingen masana'antar ba, ta tara maƙwabtanta suka ce a saye gidajensu da daraja su tashi. Sun je kotu ba su yi nasara ba. Abin da ya juya al'amarin shi ne hujja. Cibiyar Xavier tana daga cikin masu ilmin da suka mara musu baya, wata ƙungiya kuma ta koya musu dabarar bokiti: bokitin roba ne na gida, da jakar leda a ciki da ɗan famfo, in wari ya tashi sai mutum ya zuƙi iskar a jakar, a aika ɗakin awo. Daga nan in kamfani ya ce babu abin da ya fita daren jiya, sai a ajiye masa takarda mai kwanan wata da sunan sinadari. A 2002 Shell ya yarda ya saye gidajen duk wanda yake son tashi. A 2004 aka ba wannan malama lambar yabo ta Goldman, wadda ake ba masu kare muhalli na duniya.

Wani aikin da ya fi burge ni, don ya fi kusa da halin da namu suke ciki, shi ne na horar da ma'aikata. Tun tsakiyar shekarun 1990 cibiyar ta riƙa ɗaukar samari da 'yammata marasa aikin yi daga waɗannan unguwanni, da kuɗin da wata hukumar lafiya ta gwamnatin tarayyarsu ke bayarwa, tana koya musu yadda ake kwashe shara mai guba, da kankare fenti mai dalma, da cire asbesto daga tsofaffin gine-gine, da rigar kariya da takunkumi, a ƙarshe a ba su takardar shaida. Wato aikin da talaka zai yi da hannu tsirara a ba shi ladan gaba, shi ne aka mai da shi sana'a mai albashi.

Ran 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta auka wa New Orleans, madatsun ruwa suka ɓalle, kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum fiye da 1,000 suka hallaka, kuma unguwannin talakawa na cikin kwari su suka fi jin jiki. Jami'ar Xavier ita ma ruwa ya shige ta ko'ina. Shugabanta, Dokta Norman Francis, wanda ya riƙe ta daga 1968 har 2015, ya ce sai an koma karatu a watan Janairu 2006, aka kuwa koma, kusan kashi uku cikin huɗu na ɗaliban suka dawo. Shi ne kuma gwamnar jihar ta naɗa ya shugabanci hukumar sake gina Louisiana. Ga wani abu da nake so mai cewa "me ya haɗa mu" ya ji: ƙasar Katar, ta Musulmi, ta ba da gudummawar dala miliyan 100 ga waɗanda guguwar ta shafa, daga ciki aka ba wannan jami'a ta Katolika dala miliyan 17 da rabi, don faɗaɗa sashen magunguna da biya wa ɗalibai kuɗin makaranta. Ginin da aka buɗe a 2010 sunan Katar aka sa masa. Sarkin Katar bai tambayi wane irin sujada ake yi a makarantar ba, ya duba su wa take yi wa aiki.

A shekarar guguwar ne cibiyar Dokta Wright ta koma Jami'ar Dillard, wata makarantar baƙar fata a cikin birnin, daga baya ma ta tsaya da ƙafafunta. Amma hanyar da aka shimfiɗa a Xavier ba ta canza ba. Da ruwa ya janye ya bar laka mai guba a tsakar gidaje, hukuma tana jan ƙafa, sai a watan Maris 2006 cibiyar ta haɗa kai da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarfe, suka zaɓi layi guda a gabashin birnin, suka kankare saman ƙasar gidajen suka zuba sabuwa, don a nuna wa gwamnati cewa abin mai yiwuwa ne.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyai nake wasawa. Unguwar da ke manne da Jami'ar Xavier kanta, Gert Town, ta sha guba ba kaɗan ba. Daga shekarun 1940 wani kamfani mai suna Thompson-Hayward ya yi shekaru da yawa yana haɗa maganin ƙwari da na kashe ciyawa a tsakiyar gidajen mutane, sai da mazauna suka kai ƙara kafin a yi sulhu a 1996 a kan dala miliyan 51 da 'yan kai. A 2013 kuma, ana binciken tsaro gabanin wani babban wasan ƙwallo, jami'an gwamnati suka gano sinadarin radiyam, mai haddasa sankara, a ƙarƙashin wani titi na unguwar, amma mazauna ba su ji labari ba sai a 2019. Shekara shida ke nan, ga kuma jami'a a maƙwabta. Ashe zama kusa da masu ilmi kaɗai ba ya kare kowa, sai an je an buga musu ƙofa, an kuma ci gaba da bugawa. Haka nan dogaro da gwamnati. A watan Fabrairu 1994 Shugaba Clinton ya sa hannu a kan umarnin da ya tilasta wa ma'aikatun tarayya su riƙa duba ko ayyukansu suna jibga guba a kan talakawa da baƙar fata. A watan Janairu 2025 Shugaba Trump ya soke shi. Alƙalami ya bayar, alƙalami ya karɓe. Abin da ba a iya sokewa ba shi ne mutanen da aka riga aka koya wa karanta taswira da riƙe bokiti.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma an taɓa zuba mana a ƙofa. A 1987 da 1988 jiragen ruwa daga Italiya suka sauke gangunan shara mai guba fiye da tan 3,500 a garin Koko, cikin jihar Bendel ta wancan lokaci, aka jibge a filin wani bawan Allah da ake ba shi ɗan kuɗin haya, bai san abin da ke ciki ba. Su wa suka tona asirin? Ɗaliban Nijeriya ne da ke karatu a Italiya, suka ga labarin a jaridun can, suka aiko wa jaridun gida. Gwamnatin Janar Babangida ta tilasta aka kwashe kayan aka mayar, ta kafa Dokar Soja ta 42 a kan shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, duk a 1988. Ɗalibai ne da takardar jarida, ba su raba wa kowa ko mudu ɗaya ba.

Na Zamfara kuwa babu wanda zai manta. A 2010 yara suka yi ta suma suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, fiye da 400 suka tafi. Iyaye ba su san cewa dutsen zinariyar da ake dakawa a tsakar gida yana ɗauke da dalma ba. Ba a gane ba sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka auna jini. Maganin da aka yi wa ƙauyukan, irin su Dareta da Bagega, shi ne dai wanda aka yi a wancan layi na New Orleans, a kankare saman ƙasa a zuba sabuwa. To dalmar da ta kashe yaran Zamfara ita ce a cikin batirin mota, wanda namu suke fasawa da gatari suna zubar da ruwansa a ƙasa. A 2025 wasu 'yan jaridar Amurka, tare da masu bincike na gida, suka sa aka auna jinin mutum 70 a garin Ogijo na jihar Ogun, inda ake narka batura, aka tarar 7 cikin kowane 10 suna da dalma a jika fiye da kima. Bayan labarin ya fita duniya hukuma ta rufe wasu masana'antun. Tambayata ita ce, jami'o'i nawa ne tsakanin Ikko da Abekuta da Badun, da har sai an jira jaridar New York ta biya kuɗin awo?

Ba 'yan Katolika kaɗai nake wa wannan tambaya ba, ko da yake su ma suna da nasu a nan, irin su Madonna da aka buɗe a 1999, da Godfrey Okoye ta Inugu, da Augustine da ke kusa da Epe, kuma Fafaroma Francis ya rubuta musu doguwar wasiƙa a 2015 yana nuna cewa in ƙasa ta lalace talaka ne ke fara biya. Har da na gwamnati nake, har da waɗanda Musulmi suka kafa, su da suka fi kowa sanin abin da addini ya ce a kan haƙƙin maƙwabci.

Amma akwai maganar da yayana ya yi mini wadda ba zan ɓoye ba, domin ita ce ƙashin bayan al'amarin. Ya ce, "Ƙanena, mu nan baƙi ne. Ran da muka ce hayaƙi ya dame mu, ba masana'antar za a tasa ba, mu za a tasa." Wallahi ba ƙarya ya yi ba. Mun ga yadda ake wayar gari da katafila a kasuwanninmu da sunan tsabtace gari. Daɗin daɗawa, wani hayaƙin mu muke tayar da shi da hannunmu. Wa ke ƙona waya don ya ciri jan ƙarfe? Wa ke babbake ganda da tsohuwar taya a kwata? Wa ke kwana a kan jujin Olusosun, wanda ya kama da wuta a watan Maris 2018 hayaƙinsa ya rufe Ojota kwana da kwanaki? In aka kawo ma'auni, ba kamfani kaɗai zai kama ba, har da mu.

Duk da haka ban yarda shiru ya fi ba. Shirun da muka yi shekara da shekaru bai hana katafila zuwa ba, iyaka dai in ta zo ba mu da ko takarda ɗaya da za mu ɗaga. Mutanen Diamond su ma tashi suka yi a ƙarshe, amma da kuɗin gidajensu a hannu, domin sun tara hujja kuma suna da ƙungiya. Game da namu laifin kuwa, gara malamin jami'a ya gaya wa ɗan jari bola abin da hayaƙin waya ke yi wa huhunsa, ya nuna masa yadda ake feɗe ta da wuƙa ko da inji ba tare da wuta ba, ya ba shi takardar shaidar horo, da a bar shi sai ran da 'yan sanda suka zo kama shi. Mutumin da ke tsince ƙarfe da roba daga sharar Ikko aikin gari yake yi, ko gari ya gode ko bai gode ba. In an iya mai da irin wannan aiki sana'a mai takunkumi da albashi a Louisiana, ban ga abin da zai hana a gwada a Ojota ko a Fatakwal ba, inda tun 2016 mutane suka fara wayar gari da baƙin toka a hancinsu.

Saboda haka ga shawarata ga Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwangwan da mahauta da 'yan kasuwa. In ɗalibai sun sake zuwa da shinkafa, a karɓa a yi godiya, sa'an nan a tambayi sunan malaminsu. A rubuta wasiƙa da hatimin ƙungiya zuwa sashen kimiyyar sinadarai ko sashen lafiyar al'umma na jami'ar da ta fi kusa, ko ta wace ɗarika ce, a roƙi a zo a auna ruwan rijiya da ƙasar tsakar gida da jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da yardar iyayensu. A kafa sharaɗi tun farko cewa sakamakon ba na malami kaɗai ba ne da zai kai Turai ya sami ƙarin girma, sai an dawo an karanta wa jama'a da Hausa a bainar kowa, an bar kofi a hannun ƙungiya, kuma ba za a miƙa sunan kowa ga hukuma ba. Malamai da yawa suna neman inda ɗalibansu za su yi aikin bincike na shekarar ƙarshe, ba lalle ne su ƙi ba. Kafin nan kuma, mai fasa batir ya daina yi a inda yara ke wasa, ya daina shiga ɗaki da kayan aikinsa, domin ƙurar dalma a jikin riga take bin mutum har kan tabarma.

Ran da zan komo Kano na rubuta wa yayana irin wannan wasiƙa, ya ce zai kai wa shugaban ƙungiyarsu, ko da yake na ga alamar don kada in ji kunya ya karɓa. Ni kuma na cika wata gorar roba da ruwan rijiyar gidan, na ƙulle ƙasar bakin ƙofarsa a leda, na kai wa wani malamin kimiyya da muka yi sakandare tare. Ya ce in ba shi mako uku. In sakamakon ya fito, ko mai daɗi ne ko marar daɗi, za ku gan shi a wannan shafi in Allah ya yarda.